Kamfanin Agajin Kan Hanya da Macen da Ke Tuƙi Ita Kaɗai: Abin da Na Gani Tsakanin Jidda da Madina

Na karɓi lasisin tuƙi a shekarar 2019, shekara guda bayan an buɗe wa mata damar tuƙa mota a Saudiyya a ranar 24 ga Yunin 2018, amma na daɗe ban wuce titunan Jidda ba. Komawar Inna Madina wajen ƙanena ce ta sa na fara bin babbar hanya sau biyu a wata, kuma galibi ni kaɗai, domin ranakun hutuna ba sa haɗuwa da na kowa a gida. Jirgin ƙasa na Haramaini yana nan, ya kuma fi mota sauri, sai dai ina buƙatar motar a can saboda kai Inna asibiti, ga kuma buhun gero da kuka da daddawa waɗanda ba ta yarda a je mata babu su. Yayana bai hana ni ba, amma ya kafa sharaɗi guda, wato in biya kuɗin shekara a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke kai agaji ga motar da ta lalace a hanya. Shekarar ta cika, na kira su sau uku. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, tun da akwai laifin da zan faɗa, kuma irinsu suna da yawa, tsarinsu kusan ɗaya ne.

Ana yin rajista ta manhajar waya da lambar mota da bayanan istimara, wato takardar rajistar mota, kuma abin da na biya na shekara bai wuce kuɗin cika tankina sau uku ba, a farashin riyal 2.18 da ake sayar da litar fetur mai lamba 91 a lokacin. Abin da suka ɗauka wa kansu shi ne tayar da batir, canza taya, kawo ɗan man da zai kai mutum mahaɗɗa, wato gidan mai, buɗe mota idan makulli ya kulle a ciki, da kuma saɗaha, wato motar da ake ɗora wadda ta lalace a bayanta. Manhajar da Larabci da Turanci take, saboda haka 'yar'uwar da ta tashi a Kano ko Damagaram ta zo nan da girmanta ya kamata ta zauna da wani ya nuna mata maɓallan tun tana gida, domin bakin titi ba wurin koyon karatu ba ne.

Kira na farko da na uku ba su da dogon labari. Zafin Jidda ya kashe mini batir a ƙofar gida, aka zo cikin abin da bai kai rabin sa'a ba aka tayar. Na kulle makulli a mota kusa da Masallacin Ƙuba, aka buɗe ba tare da an karce fenti ba. A cikin gari aikinsu yana da kyau, amma a cikin gari maƙwabci ma zai iya yi wa mutum wannan.

Kira na biyu shi ne ma'aunin gaskiya. Tsakanin Jidda da Madina kimanin kilomita 420 ne ta hanyar Hijira, kuma da zarar an wuce Usfan da Khulais sai gidaje su janye, a shiga filin baƙaƙen duwatsun nan da Larabawa ke kira harra, inda za a daɗe ana tafiya ba a ga komai ba sai tireloli da bas-bas na masu Umra. Tun 2018 aka ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci a wannan hanya zuwa kilomita 140 a sa'a, kuma duk da kyamarorin Sahir masu kama masu gudun wuce ƙa'ida, mafi yawan direbobi a bakin wannan iyaka suke tafiya. Ranar na yi kuskuren da tun farko na yi wa kaina alkawarin ba zan yi ba: maimakon in tashi bayan sallar Asuba, sai da na tsaya na yi Azahar a Jidda, lokacin da kwalta ta gama ɗaukar zafi. Bayan na wuce Wadil Fara'i, kafin in kai Yutama, tayar baya ta dama ta fashe da ƙarar da na ɗauka wani ne ya buge ni. Allah ya taimake ni ban danna birki da ƙarfi ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ɗaga ƙafa daga totur, na bar motar ta rage gudu da kanta, sannan na gangara gefe har na sauka daga kwalta gaba ɗaya, na kunna fitilun gargaɗi, na kulle ƙofofi.

A nan ne na gane ainihin abin da na saya da kuɗina. Minti kaɗan bayan na danna maɓallin neman agaji, manhajar ta nuna mini sunan direban da zai zo, da lambar motarsa, da inda yake a taswira. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ɗabi'ar faza'a, wato yadda mutane ke rige-rigen tsayawa su taimaki wanda ya shiga matsala, kuma ɗabi'a ce mai kyau wadda ta ceci matafiya da yawa. Sai dai macen da ke zaune ita kaɗai a daji ba ta da hanyar bambance mai neman lada da mai neman wani abu dabam, kuma idan ba ta da wanda take jira, dole ta karɓi hannun duk wanda ya miƙo. Motoci uku suka tsaya mini. Wani dattijo da iyalinsa ya miƙo mini ruwa ta taga, ya tambaya ko ina da wanda zai zo, na ce saɗaha tana hanya, ya yi mini addu'a ya wuce. Na biyu ma haka. Na ukun wani matashi ne, da na ce masa na gode sai ya ci gaba da tsayuwa, ya koma tambayar lambar wayata, wai don ya ji ko na isa lafiya. Na ɗaga gilashi, na ɗauki hoton lambar motarsa yana kallo, na kira 996, lambar jami'an tsaron manyan hanyoyi. Dokar hana cin zarafi da aka kafa a 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tarar da za ta iya kai riyal 100,000, kuma samarin nan sun san da ita sarai. Kafin in gama bayyana wa jami'in inda nake, ya ja motarsa ya tafi.

Akwai wani abu da na so a ce ma'aikacin da ya amsa kirana ya yi mini magana a kansa, bai yi ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce wanda motarsa ta lalace a babbar hanya ya fita ya tsaya nesa da ita, saboda tirelar da direbanta ya yi gyangyaɗi ba ta san kafaɗar titi ba. Ita kuwa mace kaɗai, zaman cikin mota a kulle shi ne kariyarta daga mutane. Abu biyu ne masu karo da juna, kuma ni na warware su ne ta hanyar kai motar can cikin tsakuwa, nesa da inda ake gudu, na ci gaba da zama da bel a ɗaure. Ma'aikacin ya tambaye ni launin mota da irin matsalar, bai tambaya ko ni kaɗai ce ba, ko akwai yara, ko ina da ruwan sha.

Manhajar ta ce minti 40. Sai da na yi kusan sa'a biyu, har rana ta yi ja, domin direban farko ya janye, aka ba wani. Jiran bai ba ni haushi sosai ba, na san nisan wurin, kuma motar jami'an tsaro ta zo ta tsaya a bayana na ɗan lokaci kafin a kira su wani wuri. Babban laifin shi ne saɗahar da ta iso lambarta ba ita ce wadda ke kan wayata ba, saboda an sake sauya direba a karo na biyu ba tare da an sabunta bayanin ba. Abin nan guda da ya ba ni ƙarfin korar baƙo, shi ne kamfanin ya yi sakaci da shi. Na ƙi buɗe ƙofa, na sake kiran ofishinsu, na shafe minti goma a layi kafin su tabbatar mini mutumin nasu ne. Shi kuwa direban, wani magidanci ɗan Sudan, ya koma can gefe ya tsaya da hannuwansa a baya, ya ce, "Hajiya, ki tabbatar tukuna, babu gaggawa." Ladabin da na gani a ranar nasa ne, ba koyarwar kamfani ba ce.

Da ya ciro safaya sai muka tarar babu iska a cikinta, kuma wannan laifina ne, tun da na sayi motar ban taɓa duba ta ba. Dole aka ɗora motar zuwa banshar mafi kusa, wato shagon faci da gyaran taya, sai wata tambaya ta taso wadda babu amsarta a cikin sharuɗɗan da na sa wa hannu: ina mai motar za ta zauna? Zama a cikin motar da ke ɗaure a bayan saɗaha haɗari ne, tsayawa a daji da magariba ya fi shi muni, abin da ya rage shi ne kujerar gaba kusa da namijin da ban taɓa gani ba. Na kira Yaya, na buɗe sautin wayar yadda direban zai ji, na tura masa hoton lambar saɗahar da kuma wurin da nake kai tsaye ta WhatsApp, suka gaisa, muka tafi ana hira da shi har muka isa. Kamfanin da ke tallata kansa da hoton mace riƙe da sitiyari ya kamata a ce ya yi tunanin wannan kujera, ko da ta hanyar turo motar haya ce a ƙara wa mutum kuɗi. Na rubuta musu haka, suka aiko da godiyar da ake aika wa kowa.

A banshar ne mai gyaran ya nuna mini lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe kuma shekarar. Tawa ta haura shekara biyar, zanenta bai cinye ba amma robar ta bushe ta tsattsage, irin abin da zafin ƙasar nan ke yi wa taya ko da ba a yawan hawa motar. Nisan da aka ja ni bai wuce abin da kuɗin shekarar ya ɗauka ba, don haka ban ƙara ko halala ba, wato kobon ƙasar nan, amma wadda za ta yi rajista ta karanta wannan sashe da kyau, domin nisan jan mota kyauta yana da iyaka, kuma a hanya irin ta Riyad, mai kusan kilomita 950 daga Jidda, iyakar tana iya ƙarewa tun ba a ga gari ba.

Na sabunta rajistar, kuma na sa ƙanwata da ke zuwa Ɗa'if ta yi, amma na gaya mata kada ta ɗauke ta a matsayin mai gadi. Manhajar ba ta aiki sai da intanet, kuma akwai wurare tsakanin duwatsun da sabis ke raguwa, saboda haka lambobin 996, da 911 na kiran gaggawa, da 997 na motar asibiti suna rubuce a takarda a cikin motata, tare da batirin cajin waya da katan ɗin ruwa da ɗan injin hura taya da na saya washegari a Madina. Daren da abin ya faru, da a ce gyaran ya ƙi, da na kama ɗaki na kwana, tun da daga 2019 mace tana iya sauka a otal ita kaɗai da katin shaidarta. Na isa gidan ƙanena bayan Isha'i, na tarar Inna zaune a bakin ƙofa da carbi, kuma sai da ta gama ƙare mini kallo daga sama har ƙasa sannan ta tambaya ko daddawar ta iso.