Na ba da motata da ruwa ya cinye sadaka a Niyok: ga yadda ta kaya

Idan bukatarka a raba ka da matacciyar mota ba tare da ka kashe ko sisi ba, kamfanonin nan na Amurka masu karɓar mota a madadin ƙungiyoyin agaji sun iya aikinsu. Idan kuwa burinka kuɗin ya isa hannun mabukaci, to akwai tambayoyin da ya kamata ka yi kafin ka miƙa makulli.

Tawa Toyota Camry ce ƙirar 2007. Ruwan da ragowar guguwar Ida ta zubar a Niyok farkon Satumban 2021 ne ya same ta a Bronx, a daren da motoci suka maƙale a babbar hanyar Major Deegan. Ruwa ya shiga har saman kujeru. Inshorar da nake biya ta ɓarnar da zan yi wa wani ce kawai, ba ta ɗaukar asarar ambaliya. Bakanikena, wani ɗan zangon Kumasi, ya ɗaga dardumar ƙasan motar, ya nuna mini laka a kan wayoyi, ya ce, "Alhaji, injin zai iya tashi, amma ruwa ya taɓa ƙwaƙwalwarta. Yau ka gyara nan, gobe can ya ɓalle. Ka haƙura da ita." Ga wari na fita daga ciki, ga tarar dala 65 duk ranar sharar titi da ba ka gusar da mota ba.

Na cike fom a wani shafin karɓar sadakar mota a intanet: ƙirar mota, shekara, lambar VIN (wato lambar shasin mota), da halin da take ciki. Na rubuta ƙarara cewa ruwa ya shige ta. Suka kira ni, muka tsayar da rana, janwe ya zo a kan lokaci. Direban ya duba takardar mallaka, ya nuna mini inda zan sa hannu a matsayin mai sayarwa, ya ba ni rasiti, ya ɗora ta ya tafi. Ban biya komai ba. A wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai yabo.

Sai dai akwai abin da babu wanda ya tuna mini a wayar, bakaniken ne ya ja kunnena. A jihar Niyok lambar mota taka ce, ba ta bin motar. Ka kwance ta, ka ɓamɓare takardar rajista da ke manne a gilashin gaba, ka mayar da lambar ga ofishin DMV, wato hukumar rajistar motoci, ka karɓi shaidar mayarwa mai suna FS-6, sannan ka soke inshora. Wanda ya fara soke inshora lamba tana hannunsa, ana iya dakatar da rajistarsa, har ma da lasisinsa. Kamfanin da wannan ce sana'arsa kullum bai kamata ya bar mutum ya ji haka a bakin gareji ba.

Maganar rangwamen haraji ita ce suka fi kambamawa a tallarsu, ita ce kuma ta fi ƙarancin amfani ga irinmu. Tun farkon 2005 doka ta canza: idan aka sayar da motar fiye da dala 500, abin da aka sayar da ita kaɗai za ka cire daga kuɗin shigar da ake yanka maka haraji a kai, ba farashin da kake ganin ta kai ba. Ƙungiyar za ta aiko maka fom 1098-C cikin kwana 30 da sayarwa, shi ya sa suke neman lambarka ta haraji. Nawa ya zo a kan kari, da dala 650 a jiki. To amma ba ka cin moriyarsa sai in kana lissafa abubuwan da ka kashe ɗaya bayan ɗaya. A 2021 rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa mata da miji ba tare da wannan lissafin ba dala 25,100 ne. Direban tasi ko mai aikin shago da ke zaman haya, yaushe lissafinsa zai haura wannan? Takardar tana nan cikin fayil, ba ta rage mini komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabon kuɗin. Sunan ƙungiyar agajin ne a saman shafin, amma ba ita ta ɗauki motar ba. Wani kamfani ne na tsakiya, shi ya turo janwe, shi ya kai ta filin gwanjo. Da na kira ƙungiyar na tambayi nawa ya shigo asusunsu, matar da ta amsa ba ta ɓoye ba: an cire kuɗin janwe, an cire na gwanjo, kamfanin ya ɗebi kasonsa, abin da ya rage musu bai kai rabi ba. Wannan ba sabon abu ba ne. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya bi sawun motoci 54 da aka bayar, ya tarar a kashi biyu cikin uku ƙungiyoyin ba su samu fiye da kashi 5 cikin ɗari na darajar da masu bayarwa suka rubuta ba. Janwe da gwanjo aiki ne, dole a biya su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙi rubuta kason a inda mai bayarwa zai gani kafin ya sa hannu.

Na kai wa limaminmu maganar, domin aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi zai ciyar. Na ce, "Allah gafarta Malam, mushen mota sadaka ce?" Ya ce ba motar za a miƙa wa maraya ya hau ba, kuɗinta ne, kuma kuɗin halal ne, matuƙar ban ɓoye aibinta ba. Amma ya ƙara da cewa kada in lissafa ta a madadin abin da ya wajaba in fitar daga dukiyar da nake so.

Ɓoye aibin nan ya shafe mu kai tsaye. Daga manyan filayen gwanjo irin Copart da IAA ake sayen dubban motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya shiga, a loda su a jirgi zuwa Legas, Kwatano ko Lome, a wanke, a yi fenti, su ɓullo a Kano ko Maraɗi suna ƙyalli. Wanda ya tara guminsa ya saya, bayan wata biyu fitilu su fara wasa, giya ta ƙi shiga. Shi ya sa na dage a rubuta ruwa a takarda. Mai sayen 'yar Kwatano kuma ya sa lambar VIN a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna nan.

Ga wanda motarsa ta mutu a titi, tara na hawa kansa, ba shi da lokacin ciniki, zan ce ya yi amfani da waɗannan kamfanonin. Ya fara duba sunan ƙungiyar a shafin hukumar haraji ta IRS ya tabbatar tana da rajistar 501(c)(3) ta ƙungiyoyin agaji, ya kira ta ita kanta ya tambayi kaso nawa ke isa gare ta, kada kuma ya bar gurbin sunan mai karɓa fayau a takardar mallaka. Wanda ke da sarari kuwa, ya kira 'yan gwangwan biyu ko uku su taya, su ma da janwensu suke zuwa, ya karɓi kuɗin ya kai wa ƙungiyar da hannunsa. Da wani ƙanina motarsa ta kwanta bara, wannan hanyar na nuna masa.