Wane yadi za ka saya ka rataya a bayan allo kafin ka zana shi?

Mai son zana hoton allon zayyana da gafaka da carbi yakan zuba kuɗi a fenti da buroshi, amma idan aka zo kan abin da zai rataya a baya, sai ya jawo duk ƙyallen da ke kusa. Alhali bayan nan shi ke cin fiye da rabin hoton.

Fara da duban kayanka. Allo itace ne mai haske, ruwan ƙasa-ƙasa, gafaka kuwa jar fata ce. Farin yadi ba ya yi musu komai: allon sai ya saje, gefensa ya ɓace, ka yi ta ƙara masa duhun da ba shi da shi don ya fito. Bar shi a shago, sai dai in baƙin carbi kaɗai za ka zana.

Baƙin karan-miski yana shanye haske, ba ya walƙiya, kuma inuwar kayan ba ta damun ka. Irin wannan duhun ne Zurbaran, mai zanen Sifaniya, ya riƙa sa wa a bayan kayansa a shekarun 1600. Aibinsa tsada da kama ƙura, ga shi kuma kurtun tawada da baƙin alƙalami sukan nutse a cikinsa.

Ni dai shuɗi na fi so, rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tana nan tun 1498. Shuɗi mai duhu yana tayar da launin itace da jar fata, har rawaya da jan da ke cikin zayyanar su yi kamar an sake shafa su. Amma a kula, iri biyu ne. Wanda aka kai wa mabuga suka buge shi yana sheƙi, kuma sheƙin yana sauya wuri da zarar rana ta gusa, mai koyo ba zai iya bin sa ba. Yana kuma zuba. Goga shi a tafin hannu ka gani, haka zai yi wa allon. Nemi wanda ba a buga ba, a wanke shi kafin ka rataya. Shadda ma matsalar sheƙin ke gare ta.

Darduma fa? Da yawa sukan ga ta dace tunda kayan ibada ne. Adonta yana gasa da zayyanar, ido ya rasa inda zai tsaya. Buzu ya fi ta, sai dai zana gashinsa aiki ne ja, ya fi kyau a shimfiɗa shi a ƙarƙashin kayan a kan tebur, don allo mai ayoyi ba a ajiye shi a ƙasa.

Tsawon yadi biyu ya isa. Idan za ka Kantin Kwari, riƙe allon da ba a yi rubutu a kansa ba, ka kara shi a jikin yadin a bakin shago, inda hasken rana yake, domin fitilar cikin shago tana sauya launi.