Harsashin .22 mai ƙaramar ƙara: wanne ne na ɓera, wanne ne na zomo?

Duk wanda ya taɓa harba bindigar .22 (lambar faɗin harsashinta ce a ma'aunin inci) da daddare a kusa da sito ko akurkin kaji ya san abin da ke biyo baya. Karnuka su ɗauki haushi, dabbobi su firgita, ɓerayen da aka fito dominsu su shige rami, ba za a sake ganin ko ɗaya ba sai dare ya raba. Shi ya sa mutane ke neman harsashin da ake rubuta wa Subsonic a jikin kwali, wato wanda gudunsa bai kai gudun sauti ba. Amma wannan suna ya zama rumfa sha shirgi. A ƙarƙashinsa akwai harsashin da zai kayar da zomo daga mita 60, akwai kuma wanda da ƙyar yake fita daga bututun doguwar bindiga. Wanda ya sayi na biyu yana tsammanin aikin na farko, dabba zai raunata ta gudu ta mutu a wahale, kuma wannan shi ne abin da na fi ƙi a harkar nan.

Ƙarar harbi iri biyu ce, ko da yake kunne tare yake jinsu. Ta farko tsawar iskar albarushi ce lokacin da ta kufce daga bakin bindiga. Ta biyu kuwa harsashin ne da kansa yake yinta idan ya wuce gudun sauti, irin tas ɗin nan da bakin bulala ke yi idan an kaɗa ta, kuma tana bin sa duk inda ya nufa har sai gudunsa ya ragu. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska ya kai digiri 20, wato kimanin ƙafa 1,125, kuma da ƙafa yawancin kamfanoni ke rubuta gudu a kwali. Salansar bindiga, wato na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a bakinta, a inda doka ta yarda da ita, tsawar farko kaɗai take iya shaƙewa. Ta biyu ba ta da magani sai harsashi mai tafiya a hankali. Wanda ya ɗaura salansa ya kuma loda harsashi mai gudun ƙafa 1,260 ya yi aikin banza da rabin kuɗinsa.

Harsashin .22 LR (Long Rifle, wato na doguwar bindiga) tsoho ne, kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi tun 1887, kuma sinadarin da ke tada wutarsa yana zagaye ne a cikin gefen gindin kwanson, ba a tsakiya ba. Nauyin ƙwayarsa da giren ake aunawa. Giren 40, wanda aka fi sani, giram 2.6 ne. Da nauyi da gudu da siffar bakin ƙwaya, waɗannan ukun za ka duba a kwali kafin ka dubi sunan kamfani.

Rukunin da nake ganin shi ne gindin maganar shi ne mai gudun ƙafa 1,030 zuwa 1,070 mai rami a baki, wanda ake rubuta wa HP. A nan Subsonic HP na kamfanin CCI yake, giren 40 da gudun ƙafa 1,050. A nan Eley Subsonic Hollow na Ingila yake, giren 38 da kusan ƙafa 1,040, da RWS Subsonic HP na Jamus, da Winchester Subsonic 42 Max mai giren 42. Ƙarfinsu a bakin bindiga yana kusan jul 130 (jul ma'aunin ƙarfi ne), kuma ramin nan na baki yana sa dalmar ta baje idan ta shiga jiki, ta sauke ƙarfinta a ciki maimakon ta huda ta wuce. Ga zomo, kurege, gafiya da tsuntsayen da ke ɓarna a gona, wannan shi ne harsashin aiki har zuwa mita 50 ko 60, ga wanda hannunsa ya nuna kuma har 75. Bambancin da ke tsakaninsu ƙanƙane ne. Na Winchester an san shi da faffaɗan rami da saurin bajewa. Na Eley da na RWS dalmarsu na da laushi kuma suna da maiƙo sosai a jiki, abin da ke taimaka wa daidaiton harbi amma yana kwasar ƙura idan aka zuba su a aljihu. Ba zan ce ga wanda ya fi ba, domin bindiga ce ke yanke wannan hukunci, zan kuma dawo kan haka.

Sai dai a faɗi gaskiya: ba tare da salansa ba, wannan rukuni ba shiru yake ba. Tas ɗin bulala ya tafi, amma tsawar bakin bindiga tana nan, kuma maƙwabci zai san an yi harbi. Kunnenka ma yana bukatar kariya, musamman a cikin gini inda bango ke dawo da ƙara.

Kusa da su akwai harsasan gasar harbi irin CCI Standard Velocity, giren 40 da gudun ƙafa 1,070. Su ma ba su kai gudun sauti ba ko da ba a rubuta haka a kwalinsu ba, kuma sau da yawa sun fi kowa faɗawa wuri ɗaya. Matsalarsu bakinsu a mulmule yake, ba rami. Idan aka samu kai, magana ta ƙare. Idan aka samu ƙirji, sai ƙwayar ta yi ɗan ƙaramin huji ta fita ta ɗaya ɓangaren da sauran ƙarfinta, zomon ya kai ga raminsa, harsashin kuma ya ci gaba da tafiya inda ba ka aike shi ba. Akwai kuma wani abu da sanyi ke yi musu. Idan iska ta yi sanyi gudun sauti yana raguwa. A digiri sifili yana komawa kusan ƙafa 1,087. Harsashin da aka rubuta wa 1,070 na iya ɗarawa kaɗan a wata bindigar, sai ka ji ɗaya cikin biyar ko goma ya yi tas da asubar sanyi. Wanda zai yi harbi a irin wannan yanayi gara ya tsaya a 1,050 zuwa ƙasa.

Daga nan sai a gangaro ga masu shiru na gaske. CCI Quiet-22 giren 40 ne shi ma, amma gudunsa ƙafa 710 kacal. A doguwar bindiga mai sakata, wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi, ƙararsa ba ta wuce ta bindigar iska ba, wani lokaci ma faɗawar ƙwayar a jikin abin da aka harba ta fi harbin ƙara. Wannan shirun da ƙarfi aka saye shi: jul 61 ne, bai kai rabin na rukunin farko ba. A irin wannan gudu ramin baki na yau da kullum ba ya bajewa yadda ya kamata, shi ya sa kamfanin ya yi wani nau'i mai suna Segmented, wanda ƙwayarsa ke rabewa gida uku idan ta shiga jiki. Idan ɓera ne a cikin sito, ko kurege a nisan mita 15 zuwa 25, wannan nau'in zan ɗauka. Ga zomo a mita 50 kuwa ba zan yarda da shi ba. Kuma a kula, idan bindigarka tana saite da harsashin 1,050 ka loda na 710 ba ka gyara madubin saiti ba, a mita 50 zai faɗi ƙasa da inda ka nufa da fiye da santimita 10. Wurin da ake so a samu a kan zomo bai wuce faɗin yatsu biyu ba.

Bindiga mai ɗana kanta, irin Ruger 10/22, da turin harsashi take aiki: ƙarfin harbin ne ke mayar da sakata baya ta tofar da kwanso ta ɗauko sabo. Harsashin 710 ba shi da wannan turi, sai ka riƙa ja da hannu bayan kowane harbi, ko kwanso ya maƙale. Saboda haka CCI ya fitar da Quiet-22 Semi-Auto, giren 45 da gudun ƙafa 835. Na 1,050 kuwa yawancin irin waɗannan bindigogi suna cinsa lafiya idan a tsaftace suke. Mai bindigar sakata irin CZ 457 ba ruwansa da duk wannan, kuma tasa ta fi shiru tunda ba ƙarar ƙarfe na komawa da dawowa, ba kuma iskar da ke fita ta baya.

Ƙasa da wannan akwai CB Short da CB Long na CCI, giren 29 da gudun ƙafa 710, kusan jul 44, na ɓera ne a 'yan taku kaɗan. Sai Aguila Colibri na Meziko, giren 20 da gudun ƙafa 420, wanda babu albarushi a cikinsa, sinadarin gindi kaɗai ke tura shi, da ƙanensa Super Colibri mai ƙafa 590. Colibri bai wuce jul 11 ba, kuma yana iya tsayawa a cikin dogon bututu. Idan mutum bai lura ba ya sake harbi a kai, bututun zai kumbura ko ya lalace. Ba na ba kowa shawarar ya nufi mai rai da shi.

Ɗaya kuma ya fita daban, Aguila Sniper Subsonic: doguwar ƙwaya mai giren 60 a kan guntun kwanso, gudu ƙafa 950. Ƙarfinsa ya haura jul 160, yana kuma shiga jiki da nisa. Amma zanen da ke cikin bututun yawancin bindigogin .22 yana murɗa ƙwaya sau ɗaya ne a inci 16, wanda bai isa ya tsayar da doguwar ƙwaya irin wannan ba. Sai ka je takardar gwaji ka tarar huji a kwance, alamar harsashin ya iso a karkace. Ka sayi kwali ɗaya ka gani tukuna, kuma kada ka harba shi ta cikin salansa sai ka tabbatar yana tafiya a miƙe, don zai iya dukan cikinta.

Wani zai tambaya me ake asara idan aka bar harsashi mai sauri irin Mini-Mag, giren 36 da gudun ƙafa 1,260, kusan jul 170. Ana asarar miƙaƙƙiyar tafiya. Idan ka saita na 1,050 a mita 50, a mita 100 zai sauka fiye da santimita 20, don haka kuskuren ƙiyasin nisa na mita goma ya isa ya sa ka raunata dabba. Amma akwai riba biyu da ba kowa ya sani ba. Mai sauri yana rasa gudunsa da wuri, kafin ya yi nisa ya faɗo ƙasa da gudun sauti, kuma wannan tsallakawar tana ɗan girgiza shi. Sannan iskar gefe ta fi ture shi, domin iska ta fi danne harsashin da ke kusa da gudun sauti ko sama da shi. Shi ya sa masu gasar harbi da .22 suka tsaya a ƙasa da gudun sauti tun da daɗewa.

Yanzu ga maganar bindiga da na ce zan dawo kanta. Bindigogi biyu 'yan kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, sai ka ga ɗaya tana son Eley ɗaya tana watsa shi. Ka sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri uku ko huɗu, ka kafa takarda a mita 50, ka ɗora bindigar a kan abin da ba ya motsi, ka riƙa harba biyar-biyar. Duk lokacin da ka sauya iri, ka fara harba goma ko fiye kafin ka soma ƙirga, don maiƙon sabon ya shafe na tsohon a cikin bututu. Wanda ya taru wuri ɗaya, ka duba lambar zubin da aka buga a kwalinsa ka sayi da yawa daga wannan lambar, saboda ko a iri ɗaya wani zubi ya fi wani. Nisan da ka daina tara harbinka cikin faɗin yatsu biyu, nan ne iyakarka a kan dabba, ko me kwali ya ce.

Abin da ya fi damuna da waɗannan harsasai shi ne shirunsu yana sa mutum ya saki jiki. A kwalin .22 LR ana gargaɗin cewa yana iya tafiyar fiye da kilomita 2, kuma ƙwaya mai tafiya a hankali ta fi mai sauri tsalle, domin ba ta farfashewa idan ta daki dutse, siminti, busasshiyar ƙasa ko saman ruwa; gocewa take ta kama wata hanya da kukan nan nata. Kafin yatsa ya taɓa kunama, a san abin da ke bayan dabbar: tudun ƙasa mai laushi, ba sararin sama ba, ba kwanon rufi ba. Tsuntsu a kan reshe ba abin harbi da .22 ba ne, nan wurin bindigar iska ne. Mutanen da ke kusa ma ba za su ji harbi su kauce ba, don haka a sanar da su tun kafin a fara. Lasisin bindiga, izinin salansa, harbin dare da irin dabbar da aka halatta kashewa, kowace ƙasa da dokarta, a bincika kafin a kashe kuɗi.

Sai dalma. Kusan duk waɗannan harsasai da ita aka yi su, kuma waɗanda ba na dalma ba sun fi sauƙin nauyi, don haka yawancinsu suna wuce gudun sauti. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, saboda tsuntsayen da ke cin mushe suna kwasar gubar. Ɓeran da ka harbe ka bari a fili, mujiya ko shaho ko kyanwar da ke taya ka aikin ne za su cinye shi da ɓarɓashin dalmar da ke jikinsa. A tattara su da safar hannu ko shebur, a binne su da zurfin da kare ba zai tono ba.