Na'urar ba da wuta daga 0 zuwa 250V: wace hanya za ka bi, me kuma za ka saya

Mai gyaran tsofaffin rediyo da amfilifaya masu kwalba, ko mai son farfaɗo da kondensa da ta daɗe a ajiye, yana buƙatar wutar DC da zai murɗa daga sifili har 250V, kuma mai iyaka a kan abin da kaya za su ja. Wannan iyakar ce ma'auni na farko, sai raba wutar da layin NEPA. Kuɗi shi ne ma'auni na uku.

Akwai hanyoyin da ba su cancanci dogon bayani ba. Taransifomar tandun maikirowef tana ba da kusan 2,000V da ƙarfin da ke kashe mutum nan take, kada ma ta shiga ɗakinka. Filaibak, wato taransifomar da ke ɗaga wuta a cikin tsohuwar talabijin, tartsatsi kawai take bayarwa, ba wutar da za ka saita ba. Jona dayod kai tsaye da layin gida yana ba da kusan 325V a arha, amma duk wayar da ka taɓa layin NEPA ka taɓa. Bariyak kuwa, wato taransifomar da ake murɗawa a rage ko a ƙara wuta, tana da tsada, waya ɗaya ce a naɗe don haka ba ta raba ka da layi, ba ta kuma da iyaka. Haka taransifomar cikin yawancin sitabilaiza take, kada girmanta ya ruɗe ka. Ƙananan allunan nan na intanet masu ɗaga wutar batir zuwa 45V har 390V suna da amfani wajen kunna kwalaben Nixie masu nuna lamba a 170V, sai dai ba sa sauka ƙasa da 45V, kuma ƙararsu tana shiga amfilifaya.

Hanyar da ta fi ita ce taransifoma biyu baya da baya, da MOSFET (taranzista mai ɗaukar wuta mai ƙarfi, mai ƙafa uku: get, sos da diren) a gaba. Ka samu biyu iri ɗaya, 230V zuwa 12V, kowace 5A. Ka haɗa gefen 12V na farko da gefen 12V na biyu, sai ka samu kusan 210V zuwa 220V da ba su da alaƙa da layi. Dayod 1N4007 guda huɗu da kondensa 100µF ta 450V za su mai da shi kusan 300V DC. Ta 400V ma tana aiki, amma ranar da wuta ta hau 250V ko janareta ya yi gudu, abin da ke kanta zai doshi 350V, ratar ta yi kaɗan.

Daga nan resista 22k ta 2W ta ciyar da zena (dayod mai riƙe bolt a wuri ɗaya) uku a jere, 100V biyu da 51V ɗaya, su riƙe kusan 250V ko da layi yana hawa da sauka. Bolum na 470k ya hau kansu, ƙafarsa ta tsakiya ta bi ta resista 1k zuwa get ɗin MOSFET mai lamba IRF840, sannan zena 12V tsakanin get da sos don kada get ya fashe. Iyakar kuwa ƙaramin taranzista NPN ne da resista 5.6Ω a ƙafar sos: da zarar faɗuwar da ke kanta ta kai 0.6V, wato kusan 100mA, sai ya janye get. In kana son 60mA don farfaɗo da kondensa, sa 10Ω. Kondensar bakin fita kada ta wuce 10µF, domin babba takan zuba abin da ta tara kafin iyakar ta farga.

Zafi ne ke kashe wannan na'ura. Idan 300V na shiga, 50V na fita a 100mA, MOSFET yana ƙona 25W. Yana buƙatar babban ƙarfen sanyaya, kuma bayansa diren ne mai ɗauke da 300V, dole a sa maika, siririn falle mai hana wuta wucewa, tsakaninsa da ƙarfen. Resista 100k biyu a jere a kan babbar kondensa za su zuƙe wutar bayan an kashe, amma sai kusan minti biyu. Biyu ake sawa saboda ƙaramar resista ɗaya ba ta jure fiye da 250V. Auna da mita kafin hannu ya shiga, kowane lokaci.

To, ga inda kuɗin mutane ke ƙonewa. IRF840 na jabu ya cika ko'ina, kuma mugun abin shi ne yana aiki lafiya a ƙaramin gwaji. An sa ƙaramin silikon a babban jiki, sai ranar da zafi ya taru ya haɗe diren da sos, 300V gaba ɗaya su sauka a kan abin da ka saita wa 50V. Ka je kasuwa da ƙaramar na'urar gwajin kaya: na gaske yana nuna sama da 1,000pF a get, in ka ga ɗari uku ko huɗu, mayar masa da kayansa. Goga rubutun da asiton, na fenti yakan goge. Duba ƙafafu, in akwai alamar tsohuwar dalma ko an ƙara musu tsawo, tsoho ne aka wanke ake sayarwa a kuɗin sabo. Tsohon da ka cire da hannunka daga allon da ya mutu ya fi wannan aminci, don aƙalla ka san asalinsa.

Kondensa ta fi muni. Ana cire rigar ta 250V a sa mata ta 450V, ana kuma ɓoye ƙarama cikin babban gwangwani. Ɗauke ta a tafin hannu, in ta yi sakayau ko wani abu na motsi a ciki, bar ta. Mita za ta nuna maka yawan µF, amma ba za ta nuna bolt ɗin da take jurewa ba, shi ya sa kunnawar farko ake jera kwan fitila mai zare na 60W da layin shiga, a kuma rufe akwatin. In kwan ya ci gaba da haske bai dushe ba, kashe.

Taransifoma ma ana naɗa ta da alminiyam mai launin jan ƙarfe. Kankare bakin wayar, in fari ya fito ka gane, ga kuma rashin nauyi. A tsarin baya da baya asarar ninki biyu ce, irin wannan za ta sauke maka wuta har zena su kasa riƙewa. Dayod kuma, 1N4001 mai 50V da 1N4007 mai 1,000V kamarsu ɗaya, karanta lambar kowace, kada ka yarda da abin da aka rubuta a leda. Ƙananan mitoci masu jan lamba na manna wa a fuskar akwati yawancinsu 100V ne iyakarsu, nemi ta 500V. Bolum kuma ɗauki babba mai 2W, ƙaramin na rediyo yakan yi tartsatsi a ciki, sai ka ga wuta na tsalle kana murɗawa. Fiyus na kwalba a gefen shiga ake sa shi, 1A ya isa, kuma akwatin ƙarfe sai an haɗa shi da wayar ƙasa.