Takardar Double A a shagona na foto-kwafi

Shagona yana Samaru, kuma idan lokacin furojet na ɗalibai ya zo katan biyu na takarda ba ya kai mu magariba. Shekara shida ke nan Double A mai giram 80 nake saya, rim ɗin nan mai falle 500.

Abin da ya riƙe ni gare ta bugun gaba da baya ne. Ka ɗaga fallen ka haska a ƙofa, rubutun baya ba ya leƙowa. Akwai wata mai araha da na taɓa gwadawa a damina, ta sha danshi ta nannaɗe, inji ya riƙa haɗiyar biyu-biyu, yarona ya wuni yana zaro ta da hannu ga ɗalibai tsaye suna jira.

Daga Tailan ake kawo ta, kuma da itacen turare ake yin ta, irin dai wanda muke gani a bakin titi. Sai an ɓare ɓawon, a daddatse icen ƙanana-ƙanana, a zuba a wata ƙatuwar tukunya tare da sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita da wani sinadari mai farar wuta, a dafa a zafin da ya kai wajen digiri 170. Danƙon da ya manne zaruruwan icen, wato liginin, sai ya narke ya fita a baƙin ruwa, a bar zallar zare kamar ƙullu. A wanke shi, a faranta shi, a shimfiɗa, a matse, a busar. Sunan wannan dahuwa kraft, da Jamusanci kuwa ma'anarsa ƙarfi. Takardar jarida niƙa icen kawai ake yi da danƙonsa, shi ya sa take yin rawaya in ta ga rana.

Zaren turare gajere ne, bai fi milimita ɗaya ba sosai, don haka yake kwanciya lif ya toshe ko'ina. Santsin da kake ji in ka shafa daga nan yake.

Ta fi sauran kuɗi, gaskiya ne, amma ban cika zubar da falle ba. Abin da ke ci mini rai duk sanda na yanke igiyar katan shi ne mun gina masana'antun takarda a Jebba da Iwopin da Oku-Iboku, ga shi har yau ta bayan teku muke jira.

In ka saya, ɗora ta kan katako, kada ta taɓa siminti, kuma kada ka farke rigar rim sai za ka loda a inji.