Wasiƙa zuwa ga Maigidana: Darajar tsohuwar Fijo a Faransa

Maigida, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Ka tambaye ni yadda sana'armu take a nan, shi ne na ce bari in zauna in rubuto maka abin da idona ya gani.

Garejin da nake aiki yana kusa da garin Valence, a kudu maso gabashin Faransa. Sababbin motoci ne mafi yawan aikinmu, a jona kwamfuta ta faɗi ciwon, a cire abin da ya lalace a sa sabo. Amma ranar da wani dattijo ya kawo mana Peugeot 504 tasa, sai da gabana ya faɗi don murna. Ruwan toka ce, fentinta na asali, kujerun ko yagewa babu. Ya buɗe wata jaka ya fito da takardun motar tun daga rasit ɗin ranar da mahaifinsa ya saye ta, da na kowane juyen baƙin mai, da na kowace taya. Matasan da muke aiki tare suka tsaya suna kallon kafireta kamar ba su san ta ba. Ni kuwa na kasa kunne, na ji injin yana shaƙewa, na kwance ta na wanke, na daidaita iska da mai kamar yadda ka koya mini a Kaduna. Da ta tashi, dattijon ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Addu'a na yi maka a lokacin.

A nan mota idan ta haura shekara 30 kuma ba a canza mata fasali ba, mai ita zai iya neman takarda ta musamman da ke nuna motar tarihi ce. Sauran motoci ana kai su gwajin lafiya duk shekara 2, ita kuwa sai duk shekara 5. Kayan gyara ma ba a yawon nemansu a rana. Ka nemo lambar abin a littafin motar, ka yi oda ta intanet, a kawo maka har ƙofa cikin kwali, da rasit. Ƙungiyar da ke kula da gidan tarihin Peugeot a Sochaux tana sayar da kayan tsofaffin motocin kamfanin, wasu ma sababbi ake ƙera su. A wannan fannin sun yi mana nisa, gaskiya ce.

Sai dai tsada, Maigida. Kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, kuma ba ka zuwa gareji kai tsaye, sai an ba ka rana. Abin da ɗan Panteka zai ƙera maka da guduma da walda kafin azahar, a nan sai ka yi makonni kana jiran mai yi, don masu hannun sun tsufa kuma kaɗan ne suka gaje su. Ga tsatsa. Gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙasan mota, shi ya sa lafiyayyen jikin 504 ya zama abin nema a wurinsu. Busasshiyar iskarmu ta Arewa ba ta yi wa ƙarfe wannan ɓarnar.

A farkon Fabrairu na je kallon gasar tsofaffin motoci ta Monte Carlo, wadda ake yi tun 1998 don tunawa da ta asali da aka fara a 1911. Valence na cikin wuraren da suke yada zango. Ba tseren gudu ba ne. Ana ba direba ƙayyadadden gudu, ya riƙe shi daidai a kan hanyoyin duwatsu masu lanƙwasa da santsin ƙanƙara, na gefensa yana riƙe da agogo da littafin hanya yana karanta masa. Ka yi sauri a ci ka tara, ka yi jinkiri a ci ka tara. Da daddare na tsaya inda suke fakin, sanyi yana ratsa ƙashi, ina kallon Mini da Porsche 911 da Lancia Fulvia suna shigowa da manyan fitilu a goshi. Wani mai furfura ya kwanta a ƙasa da tocila a baki yana ɗaure salansa, matarsa tana miƙa masa sufana.

Faransawa suna alfahari da cewa 504 ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975. A shekarar nan ce kuma aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Su sun daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, mu kuwa muka ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000, ta yi mana jigila daga Kaduna zuwa Kano, daga Kano zuwa Maiduguri. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke miƙa su ga 'yan gwangwan a auna a kilo.

Saboda haka ina roƙonka alfarma. Farar wagon ɗin nan da ke bayan gareji, ƙarƙashin darbejiya, kada a sayar. A ɗora ta kan bulo, a cire batir, a rufe ta da tamfol, takardunta kuma a ajiye su a wurinka. Zan turo kuɗin tamfol ɗin ƙarshen wata, in Allah ya yarda.