Kafin a kashe kuɗi a kan Birds of Paradise: saƙo daga Jamus

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. A gaida min su Inna da Baba. Na ga jerin katunan wasan Magic: The Gathering da kai da abokan wasanka kuke so a aiko muku, kuma Birds of Paradise guda huɗu ne a samansa. Kafin a kashe wannan kuɗin, bari in faɗa maka yadda ake auna katin halitta mai ba da mana (mana ita ce abin da ake biya a sauke kati a wasan), da yadda cinikin kati yake a nan, domin a ganina Llanowar Elves zai yi muku aikin da kuke nema a kan kuɗi ƙalilan.

Duka biyun tsofaffin katuna ne, suna cikin bugun farko na 1993, shekarar da Wizards of the Coast ya fitar da wasan da Richard Garfield ya ƙirƙiro. Kowannensu koriyar mana ɗaya ake biya a sauke shi. Elves dukansa 1, juriyarsa 1, in ka karkata shi, wato ka juya katin gefe alamar ka yi amfani da shi, ya ba ka koriyar mana ɗaya. Birds ba ya duka ko kaɗan, 0/1 ne, amma yana tashi sama, kuma manar da yake bayarwa ta kowane launi ce cikin biyar.

Darajarsu duka tana cikin zagayen farko. Katin ƙasa shi ne asalin mai ba da mana, kuma ƙa'ida ba ta yarda ka ajiye fiye da ɗaya a zagaye ba, don haka wanda ba shi da mataimaki yana da mana biyu a zagaye na biyu, uku a na uku. Kai da ka sauke Elves a zagayen farko kana da uku a na biyu, huɗu a na uku. Ka tuna ba zai ba ka komai a zagayen da ya sauka ba, domin sabuwar halitta ba ta karkata sai zagaye ya dawo kanka. Saboda haka abin da za ka fara dubawa shi ne me kake da shi mai tsadar mana uku. A 2018, da Elves ya dawo a bugun Dominaria, abin da ya sa ake tsoronsa shi ne Steel Leaf Champion, mai koriyar mana uku, 5/4, yana tsaye a fage tun zagaye na biyu. In ƙunshinka, wato tarin katunan da kake wasa da su, cike yake da katuna masu mana biyu da masu biyar, babu na uku masu kyau, gaggawar ta tashi a banza. Mataimaka masu tsadar mana biyu kuwa, irin su Sylvan Caryatid, lissafinsu dabam ne: ka sauke a zagaye na biyu, ka samu huɗu a na uku. Shi ya sa a 2014 aka riƙa haɗa shi da Siege Rhino mai mana huɗu.

Ga lissafin da yawancin sababbi ba sa yi. A ƙunshi mai kati 60, in ka sa guda huɗu, damar ganin aƙalla ɗaya a katuna bakwai na farko kusan kashi 40 cikin 100 ce kawai. In takwas ne, ta kai kusan 65. Shi ya sa masu koren ƙunshi a Pioneer, ɗaya daga cikin tsare-tsaren wasan da kowanne yake da katunan da ya halatta, suke haɗa Llanowar Elves huɗu da Elvish Mystic huɗu. Aikinsu ɗaya, suna ne ya bambanta, kuma iyakar huɗu da ƙa'ida ta sa a kan suna take. Sannan samun Elves a hannu bai isa ba, sai da ƙasar da za ta ba da koriyar mana nan take. In irin wannan ƙasa takwas ce a ƙunshin, sau ɗaya cikin uku za ka buɗe hannu babu ita. In 14 ce, damar samunta ta haura kashi 85. Ƙasar da take shigowa a karkace ba ta shiga wannan ƙidaya, domin ta cinye maka zagayen da aka sayi Elves saboda shi. Ƙasashe masu launi biyu irin su Temple Garden da 'yan uwanta suna shigowa a miƙe in ka biya rai 2, kuma wannan na cikin dalilan tsadarsu.

A nan ne Birds yake da gurbinsa. In ƙunshinka launi uku ne, ka riƙe kati mai buƙatar ja ko shuɗi alhali Forest, ƙasa mai ba da koriyar mana, kaɗai ke gabanka, Birds zai warware maka. In kore ne zalla, ko kore da ɗan wani launi, ka biya kuɗi mai yawa a kan abin da ba ka buƙata, kuma ka rasa dukan 1 da Elves yake yi idan fage ya buɗe. Mai kore da fari yana da Avacyn's Pilgrim, mai kore da baƙi yana da Elves of Deep Shadow, sai dai shi wannan yana cire maka rai 1 duk lokacin da ya ba ka mana.

Sai juriya, kuma a nan nake so ka daɗe. 'Yan wasa suna da tsohuwar magana cewa da ka ga Tsuntsu (Birds ke nan) ka harbe shi, wato ka jefa masa katin kisa Lightning Bolt tun kafin ya amfani mai shi. Musayar mana ɗaya da ɗaya ce, kati ɗaya da ɗaya, ba wanda ya ci riba a ido. Asarar tana fitowa ne idan ka riƙe hannu mai ƙasa ɗaya da Elves biyu kana ganin mana uku gare ka. Aka kashe ɗaya, ƙasa ta biyu ba ta zo ba, wasa ya ƙare kana riƙe da katuna biyar da ba za ka iya saukewa ba. Halitta ba ta maye gurbin ƙasa ɗaya da ɗaya. In da ƙasa 24 kake wasa, ka ƙara mataimaka takwas, ka sauko zuwa 21 ko 22, kada ka sauko zuwa 16. Juriya 1 kuma tana mutuwa ga abubuwan da ba don ita ma aka sauke su ba: Goblin Chainwhirler yana shigowa ya daki duk halittunka da 1, Orcish Bowmasters na 2023 ya harbe ɗaya ya kuma bar jiki biyu a fage. Shi ya sa Delighted Halfling, wanda ya fito a bugu ɗaya da Bowmasters, ya yi farin jini, domin 1/2 ne. Caryatid 0/3 ne, kuma abokin karawa ba ya iya nuna shi da katin kisa. In ka san abokanka suna son Pyroclasm ko Wrath of God, kada ka zube Elves uku a fage lokaci guda. Kati ɗaya zai tafi da halittunka da rabin manarka tare. A irin wannan teburi Rampant Growth ya fi, domin ƙasa yake ɗauko maka, ita kuwa ba kasafai ake taɓa ta ba.

Abu na ƙarshe a awo shi ne me katin yake yi in ya zo a makare. Elves a zagaye na takwas ɗan ƙwadago ne da ya iso bayan an gama girbi. Katunan da suka yi suna a wannan aji su ne waɗanda suke da aiki na biyu. Noble Hierarch na 2009 yana ƙara wa halittar da ta kai hari ita kaɗai +1/+1. Deathrite Shaman na 2012 yana ba da mana daga katin ƙasa da ke makabarta, wato tarin katunan da aka yi amfani da su ko aka kashe, yana rage ran abokin karawa, yana ƙara naka, ga shi 1/2. Ƙarfin ya yi yawa har aka haramta shi a tsarin Modern a 2014, a tsarin Legacy a 2018. Wannan ma darasi ne na saye: ka duba tsarin da kuke bugawa kafin ka biya. Llanowar Elves ya sake fitowa a Foundations a ƙarshen 2024, kuma kamfanin ya ce wannan bugu zai zauna a Standard aƙalla har 2029. A Commander, inda kati 100 ne kuma kowane suna sau ɗaya, Llanowar, Mystic da Fyndhorn Elves su ne hanyar samun abu ɗaya sau uku.

To, yanzu ciniki. A nan ba a taya kati kamar yadda muke taya kaya a Kantin Kwari. Farashi yana rubuce a intanet, kowa yana gani, har mai shago da shi yake aiki. Turai kusan duka a Cardmarket take saye, kamfanin da ke Balin. Amurka kuma TCGplayer da Card Kingdom. Llanowar Elves na bugun kwanan nan bai kai yuro 1 ba, sau da yawa kuɗin aika shi ya fi kuɗinsa. Birds ɗaya yakan ci kuɗin Elves masu yawa, domin yana cikin aji na katunan da ba a buga su da yawa. Na bugun 1993 kuwa ba na wasa ba ne, na masu tara kayan tarihi ne, alhali a teburi aikinsa ɗaya da sabo. Kuskuren da ke cin kuɗi shi ne sayen kati huɗu daga masu sayarwa huɗu don kowanne ya fi araha da ɗan kaɗan, sai ka biya gidan waya sau huɗu. Gara a nemi mutum ɗaya mai yawancin jerin, ko da farashinsa ya ɗan ɗara.

Ka lura da matakan lafiyar kati, domin a nan ake ruɗewa. Cardmarket yana da bakwai: Mint, Near Mint, Excellent, Good, Light Played, Played, Poor. TCGplayer yana da biyar, kuma Lightly Played ɗinsa shi ne na biyu daga sama. Na Turai mai kama da shi a suna na biyar ne, kati ne da ya sha hannu, gefensa ya yi fari. Don wasan gida Excellent ko Good ya wadatar, tunda cikin riga mai duhun baya za a sa shi. Sai harshe: shagunan nan suna da katunan Jamusanci da yawa, kuma ƙa'ida ta yarda da kowane harshe, amma ga wanda yake koyo wahala ce. Kullum a tace a zaɓi na Ingilishi. In gardama ta tashi a kan tsohon rubutu, rubutun da ke shafin intanet na Gatherer ko Scryfall shi ne hukunci, ba wanda ke jikin katin ba.

Shago a nan ya wuce wurin saye. Akwai tebura, ana gasar daren Juma'a, kuma kafin sabon bugu ya shiga kasuwa ana taron da za a ba kowa fakiti shida ya haɗa ƙunshi mai kati 40. Suna sayen tsofaffin katuna, amma ƙasa da farashin kasuwa sosai, kuma sun fi ba da daraja in za ka karɓi kaya maimakon kuɗi. Abin da ban so ku koya daga nan ba shi ne buɗe fakiti don neman kati ɗaya. Ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage, kuma wannan ya yi kusa da abin da iyayenmu suke tsoro idan sun ga karta a hannun yaro. Ƙa'idar gasa ta hana caca a kan wasa. Ku sayi katin da kuke so da sunansa, kun san abin da kuka biya, kun san abin da za ku karɓa.

Kada ku sa a aiko mai ƙyalli. Fuskarsa tana da shimfiɗar da ba ta shan danshi, bayansa takarda ce mai sha, don haka yana lanƙwasa ta wani gefe a hunturu, ta ɗaya gefen da damina. Elves huɗu da suka lanƙwashe a cikin ƙunshi miƙaƙƙe ana gane su daga sama, kuma a gasa alama ce da alƙali zai hukunta. Girman katin milimita 63 ne da 88. Rigar da ake sayarwa don Yu-Gi-Oh, wani wasan kati dabam, ta yi masa kaɗan, a duba kwalin kafin a biya. Riguna su zama iri ɗaya, launi ɗaya, a ƙara 'yan kaɗan don canjin waɗanda suka tsage.

Jabu ba ya damun kati mai araha, masu tsada yake bi. In wani ya kawo muku Birds ko Hierarch a gida, ku ari madubin ƙara girma a wajen mai gyaran waya, ku duba koren ɗigon da ke bayan katin: a na gaske akwai jajayen ɗigo huɗu a jere kamar harafin L. Ku haska tocilar waya ta bayansa ku gwada da wani kati da kuka tabbatar da shi. Manyan katunan da aka buga daga 2014 suna da ɗan hatimi mai ƙyalli a ƙasan tsakiya.

Shawarata ga teburinku ita ce tsarin Pauper, inda katunan gama-gari kaɗai ake sawa. Llanowar, Mystic da Fyndhorn duk sun halatta a cikinsa, haka ma Priest of Titania, mai mana biyu, wanda yake ba da koriyar mana ɗaya a kan kowane Elf da ke fage, har da na abokin karawa. Kuɗin Birds huɗu zai sayi waɗannan da yawa. Kafin nan ka gwada hannun farko a MTG Arena, manhajar wasan, a wayarka, kyauta ake sauke shi, ka ga sau nawa Elves yake zuwa da wuri. In bayan haka kun tsaya a kan ƙunshi mai launi uku, ka rubuto min launukan da yawan ƙasar da kuke da ita, a duba ko Birds ne ya dace ko a fara gyara ƙasar. Ka gyara jerin ka turo kafin mai tafiya gida ya ɗaure kayansa.